Yadda zaka auna ƙarfin karya guba a jikin fara, tun tana ɗango har ta yi fiffike

Damina biyu kenan ƙannenmu masu karatun noma da bayoloji suna turo min tambaya iri ɗaya, wai yaya an bamu furojet akan enzayim ɗin da fara take karya guba da shi, ta ina ake kama aikin. Ni kuma abin nan ya daɗe a raina tun kafin in san sunansa a boko. Garinmu yana arewa da Gumel, ƙasar rairayi ce ta gero da wake da riɗi, kuma ina yaro na taɓa ganin Baffana ya dawo daga gona da famfon feshi goye a bayansa ransa a ɓace yana cewa mai shago ya cuce shi ya bashi jabu, alhali kwalbar nan ita ce dai wadda yayi feshi da ita sati uku baya ɗango ya zube kamar an share. Maganin bai canza ba, farar ce ta girma. To abin da ke canzawa a cikinta shine abin da zamu koyi aunawa.

Enzayim wani furotin ne da jiki ke ƙerawa don ya hanzarta aiki, kamar wanda ke cikin yawu yana narkar da tuwo. Fara bata da hanta irin tamu, kitsen nan rawaya da ke manne a cikinta shine yake mata yawancin aikin hanta, sai hanji da wasu siraran zaruruwa da ke mata aikin ƙoda. A waɗannan wurare akwai gida uku na enzayim da suka shahara wajen karya guba. Na farko estares, shi kamar almakashi yake, yana datse ƙwayar maganin gida biyu ta daina aiki, kuma shi yake fama da su malatiyon da dangin faretiroid irin su deltametirin da lamda wanda manoma suka fi sani da sunan Karate. Na biyu GST, shi ɗaura wa gubar wani abu yake mai suna gulutatayon sai ta koma mai narkewa a ruwa a fitar da ita. Na uku P450, yana liƙa wa gubar oksijin. Wannan na ukun kaifi biyu gare shi kuma ɗalibai da yawa basu sani ba, domin magani irin fenitirotiyon da kulofirifos da shi kansa malatiyon, P450 ɗin farar ne ke juya su su koma mafi dafi kafin su kama jijiya. Saboda haka kada ka rubuta cewa duk inda P450 ya yi yawa fara ta tsira, ya danganta da maganin.

Kuma ba don maganinmu Allah ya hore mata su ba, ganye ne yake da guba tun asali. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san farar tumfafiya, mai zane-zanen nan da ko kaji basa marmarinta, tana cin ganyen da ruwansa ke da dafi ta adana dafin a jikinta tana kare kanta da shi. Haka tohon dawa, wanda in akuya ta ci da yawa sai dai a yi gaggawar neman wuƙa, akwai sinadari a cikinsa da ke sakin sayanaid. Riƙe maganar dawa ɗin nan, zamu dawo kanta.

Wace farar ma tukunna

Nan ne kuskuren farko yake faruwa. Littattafan da zaka karanta yawanci akan farar hamada suke magana, Schistocerca gregaria, wadda ake kira farar ɗango a labarai, ita ce ta mamaye Nijar da Mali da Muritaniya a 2004, ita ce kuma ta addabi Kenya da Habasha da Somaliya daga ƙarshen 2019 zuwa 2021. Ko kuma Locusta migratoria wadda a ƙasar Sin aka yi aiki sosai akanta har aka samu wadda ta fara jure malatiyon saboda yawan estares. Amma mu a Kano da Jigawa ba kowace shekara ake ganin farar hamada ba, wadda ta fi cin geronmu ƙarama ce, Oedaleus senegalensis, zaka gane ta da alama kamar X a bayan wuyanta, in ka buɗe fiffiken ciki zaka ga rawaya-rawaya da baƙin layi ya zagaye. Ita ce ke hawa zangarniya lokacin da ƙwaya ke da ruwa-ruwa. A fadamun Haɗeja kuma akwai wasu daban masu bin shinkafa da ciyawa.

Shawarata ka yi aiki da wadda take gonarku, amma iri ɗaya tak, kuma ka kai wa malamin ƙwari a makarantarku ya tabbatar maka da sunanta kafin ka kashe ko sisi akan kemikal. In ka gauraya iri biyu duk bambancin da ka gani ba zaka iya cewa na girma bane.

Kada ka sayi ta kasuwa. Wadda ake aunawa a kwano an riga an dafa ta an shanya, enzayim ya mutu tun a tukunya.

Kamu da kiwo

Ka fita da sassafe kafin rana ta ɗaga, lokacin raɓa bata bushe ba jikinsu a sanyaye yake basa iya tsalle sosai, yaran gari sun fi ka sanin wannan, ka tafi da biyu ko uku ka sallame su da wani abu. Tsohon gidan sauro da aka ɗinke a jikin zoben waya ya isa raga. Amma kafin ka shiga kowace gona ka tambayi mai ita, Baba an yi feshi a nan bana, da maƙwabtansa ma, domin farar da ta sha magani bata mutu ba enzayim ɗinta ya riga ya tashi, ta ɓata maka lissafi. Saura ko makiyaya da ba'a nomawa ta fi.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci a aikin nan gaba ɗaya, sanin girman farar daidai. Ɗango yana yin saɓa kamar maciji, farar hamada in tana cikin taro sau biyar take yi kafin fiffike ya cika, in tana zaman kaɗaici wani lokaci har shida, ita ma ta geron nan zango biyar ne, zango kuwa shine matakin girma tsakanin saɓa da saɓa. A farar hamada ƙwai yana ƙyanƙyashewa cikin kamar sati biyu in ƙasa da ɗumi da laima, ɗango ya ɗauki kwana 30 zuwa 40, kuma na zango na farko nauyinsa miligiram 30 zuwa 40 ne kawai, na zango na biyar ya haura giram ɗaya, babba kuma wajen giram 2. Kaga tun kafin a zo maganar enzayim, ɗigon maganin da ya isa kashe na farko ya zama kaɗan akan babba, ga fata ta ƙara kauri, ga fiffike na guduwa. Wannan ka sa shi a rubutunka, kada ka ɗora komai akan enzayim.

Ana iya kimanta zango da ido ta tsiron fiffike, a na ɗaya da na biyu kusan babu, a na uku ya ɗan ɓullo yana kallon ƙasa, daga baya ya juyo sama ya kwanta a baya. Amma kimantawa ce. Hanyar da na yarda da ita ita ce ka kiwata da kanka kana ƙirga saɓa. Kafinta zai haɗa maka keji na katako da ragar taga, kamu biyu-biyu ya isa, ka sa busassun tsinke ko kara a tsaye a ciki domin sai sun rataye kai ƙasa suke iya saɓa, in babu abin kamawa zaka tarar da su sun mutu rabi a cikin tsohuwar fata, abin tausayi. Ka sa manya maza da mata, ka cika robar ruwa da aka yanke da yashi mai laima zurfin santimita 10 zuwa 12, macen zata tura gindinta ta zuba ƙwai. Ka yi wannan a farkon damina fa, domin ƙwan da farar gero ta zuba a ƙarshen damina kwanciya yake yi a ƙasa har sai ruwan baɗi, zaka yi ta zuba ido babu abin da zai fito. In lokaci ya ƙure maka, kamo ƙananan ɗango sosai ka ƙirga daga saɓar da ka gani da idonka.

Kullum da safe ka duba, duk wanda ya yi saɓa cikin dare zaka gan shi fari-fari da laushi ga fatar a rataye, ka ɗauke shi a hankali ka sa a wani keji ko bokiti mai raga ka rubuta kwanan wata. Dalili shine aikin enzayim baya tsayawa cak a cikin zango ɗaya, dab da saɓa ɗango yana daina ci, bayan saɓa ya koma ci da ƙarfi, jikin yana ta hawa da sauka. In ka ɗauki na zango uku a ranar da ya yi saɓa, na zango biyar kuma ana gobe zai yi, ba girma ka kwatanta ba. Ka tsayar da rana ɗaya ga kowa, misali kwana na uku bayan saɓa, kuma lokaci ɗaya na yini. Manya ma kashi biyu ne, sabon fiffike da wanda ya balaga ya fara barbara, a farar hamada ta taro na farkon ja-ja ne kamar ruwan hoda na biyun rawaya. Kuma ka raba maza da mata, domin mace mai shirin ƙwai kitsenta yana cike da furotin ɗin gwaiduwa.

Abinci kuma iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Ga maganar dawa ta dawo, in yau ka basu tohon gero gobe tohon dawa jibi ganyen wake, kai da kanka kake tayar musu da enzayim. Shuka gero a tsofaffin kwanoni kashi-kashi duk bayan kwana uku don kada ya yanke maka, ka ƙara da 'yar busasshiyar dusar alkama a murfi. Ka sa ƙafafun kejin cikin gwangwanin ruwa saboda cinnaka da tururuwa, dare ɗaya sun isa su gama da ƙananan.

Kai su lab da ransu

Ni na koyi wannan da tsada. Karon farko a gida na feɗe su, na zuba a 'yan kwalabe na jera a kula da ƙanƙarar da na saya, na hau mota, motar ta tsaya lodi ta tsaya faci, kafin in isa ƙanƙara ta zama ruwan ɗumi, jinin farar da na tara ya koma baƙi ƙirin kamar tawada. Aikin wata biyu ya tafi. Wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba. Tun daga nan keji nake ɗauka da farar a raye in rufa masa zani, a feɗe a wurin da injin yake. Kafin ranar ka je ka daidaita da mai kula da lab, ka tabbatar akwai man janareta ko sola, domin in nefa ta ɗauke kana tsakiyar karatun GST sai dai ka sake daga farko. Ka cire musu abinci awanni kaɗan kafin fiɗa don hanji ya ragu.

Fiɗa

Kayan ba masu yawa bane, ƙaramin almakashi mai tsini, hantsaki biyu, fil, faranti da aka narka kyandir a ciki ya daskare, ruwan gishiri mai sanyi na kashi 0.9 cikin ɗari, da roba cike da dakakkiyar ƙanƙara. Ka ɗora farar akan ƙanƙara minti biyar zuwa goma ta sume, ka auna nauyinta ka rubuta.

Jini zaka fara ɗauka. Soka fil a fatar nan mai laushi ta gindin ƙafar baya, ka ɗan matsa, wani ruwa kore-kore ko rawaya zai fito, ba ja bane domin jinin ƙwaro baya ɗaukar iska. Ka zuƙe da fifet zuwa kwalbar da ke cikin ƙanƙara wadda ka riga ka sa ɗan ƙwayar feniltiyoyuriya, wanda ake rubutawa PTU a jikin kwalba, shi ke hana baƙin nan da ya same ni.

Sai ka yanke ƙafafu da fiffike, ka kafe ta da fil, ka tsaga daga gindi zuwa wuya ta baya ko ta gefe, bakin almakashi yana kallon sama don kada ka huda hanji. Buɗe fatar ka kafe gefe da gefe ka zuba ruwan gishirin ya rufe. Abin da zaka gani yana da kyau ƙwarai in ka nutsu, wasu zaruruwa farare masu sheƙi kamar azurfa sun bazu ko'ina, waɗannan bututun numfashi ne ba ruwanka da su. Hanji ya miƙe a tsakiya, gaba akwai wata jaka mai duhu inda abinci ke taruwa, bayanta wasu 'yan yatsu shida sun kewaye hanjin, daga nan hanjin tsakiya ya fara, kuma su yatsun nan suna da enzayim sosai, ko dai ka haɗa su da hanjin tsakiya a kowace fara ko ka ware su a kowace fara, kada ka yi yau haka gobe haka. Inda hanjin tsakiya ya ƙare zaka ga tarin siraran zare kamar gashin masara, su ne bututun Malfigi masu aikin ƙoda, a babbar farar hamada sun kai wajen 250, kuma yawansu ƙaruwa yake da kowace saɓa. Kitse kuma shine rawayan nan mai laushi da ke shimfiɗe a jikin fata da kewayen hanji, a hankali ake yaye shi da hantsaki. A mace balagaggiya ka kula, jerin ƙwai ma rawaya ne kamar ƙananan ƙwayar shinkafa, ɗalibai suna kwashe shi a matsayin kitse.

Hanjin dole ka tsaga shi a tsaye ka wanke abin ciki tas a ruwan gishiri sau biyu ko uku, ragowar ganye yana da nasa enzayim da nasa launi. In kana son auna asetilkolinestares, wato enzayim ɗin jijiya da maganin ke kaiwa hari, to kan zaka cire ka ajiye daban.

Ɗangon zango na ɗaya da na biyu sun yi ƙanƙanta, sai da madubin ƙara girma da haƙuri. Gaskiya in ka ga bazaka iya ba, ka fara gaɓa-gaɓa daga zango na uku, ƙananan kuma ka niƙa su gaba ɗaya, amma to sai ka niƙa wasu daga kowane zango gaba ɗaya su ma don kwatance ya yi adalci. Ba'a kwatanta dukkan jikin ƙarami da kitsen babba.

Fara ɗaya bata isa ba, ka tara gaɓar guda biyar ko goma a kwalba ɗaya, wannan samfur ɗaya kenan. Kana buƙatar irin wannan aƙalla uku daga fara daban-daban a kowane zango, biyar ya fi. Karanta kwalba ɗaya sau uku a inji ba maimaici uku bane, sufabaiza mai ido zai kama ka a nan.

Niƙa

Bafa, wato ruwan da ke riƙe pH kada ya canza, na fosfet mola 0.1, pH 7 zuwa 7.5, mai sanyi. A niƙa a cikin ƙanƙara da ɗan turmin gilas ko sandar roba, sannan a juya a santirifuj mai sanyi, digiri 4, ƙarfin 10,000 zuwa 15,000 g na minti 15 zuwa 20. Zai rabu uku, dusa a ƙasa, ruwa a tsakiya, kitse yana yawo a sama musamman a samfurin kitse, ruwan tsakiyan kake so, ka zura bakin fifet ta ƙarƙashin man. Raba shi ƙananan kwalabe da yawa nan take, wanda zaka yi aiki da shi yau ya zauna a ƙanƙara saura firiza. Duk wanda ya narke sau ɗaya kada ya koma, daskarewa da narkewa yana kashe enzayim.

Kafin komai auna furotin da hanyar Bradford ta 1976, ruwan yana komawa shuɗi ana karantawa a injin auna launi a nanomita 595, da jadawalin BSA, wato furotin ɗin kwatance wanda aka san yawansa, da ka haɗa da kanka a ranar. Duk sakamakonka akan wannan lamba zai hau.

Awon kansa

GST ya fi sauƙi kuma ya fi daɗin kallo, hanyar Habig ce ta 1974. A cikin kubet, wato 'yar kwalbar da ake sawa a injin, mai ɗaukar mililita ɗaya ka haɗa bafa pH 6.5, gulutatayon milimola 1, CDNB, wato sinadarin da GST zai ɗaura wa gulutatayon, milimola 1 wanda aka narka a etanol, sai ka zuba samfur ka juya da sauri ka sa a inji a nanomita 340, kana rubuta lamba duk sakan 30 har minti uku zuwa biyar. Kubet ɗin ya zama na kwaz ko robar da hasken UV ke ratsawa. Dole ka yi bilank mara samfur domin su biyun suna ɗan haɗuwa da kansu ko babu enzayim, sai ka debe. Gulutatayon a ranar ake haɗa shi. CDNB kuma yana cin fata yana sa ƙaiƙayi, safar hannu ba zaɓi bane.

Bari in nuna lissafin da lambobin misali. A ce bayan ka debe bilank lamba tana hawa 0.048 a minti, ka raba da 9.6 wanda shine ƙa'idar CDNB a kubet mai faɗin santimita ɗaya, ka samu 0.005, wato nanomol 5 a minti a cikin mililita ɗayan nan. A ce maikurolita 20 ka zuba kuma Bradford ya nuna miligiram 1 a mililita, kenan furotin miligiram 0.02 ya shiga. 5 raba 0.02 ya baka 250 nanomol a minti a kowane miligiram na furotin. Haka ake rubuta shi. In layin ya lanƙwashe tun minti na farko samfurin ya yi ƙarfi, surka shi da bafa ka sake, ka tuna da surkin a lissafi.

Estares hanyar van Asperen ta 1962 aka fi bi. Alfa-naftil asitet milimola 0.3 a bafa, a zuba samfur a bar shi minti 15 zuwa 30 a digiri 30, sai a tsayar da ruwan Fast Blue B da aka haɗa da SDS, launi ya fito shuɗi mai duhu a karanta a 600. Jadawalin alfa-naftol zai faɗa maka nawa aka samar. Fast Blue baya son haske kuma baya kwana, ka naɗe kwalbar da takardar azurfa. Agogo a hannu, in ka zuba kwalabe da tazarar sakan 15 to da tazarar sakan 15 zaka tsayar da su, in ba haka ba na ƙarshe ya fi na farko cin lokaci. Zafin ɗaki ma ka lura, a watan Afrilu lab ɗin da babu sanyi yana iya haura digiri 38, enzayim kuwa gudu yake ƙarawa da zafi, abin da ka auna da safe da na azahar ba ɗaya bane sai in a bahon ruwa mai tsayayyen zafi ka yi.

P450 shine mai wahala, a manne yake da fatar cikin ƙwayar halitta kuma saurin lalacewa gare shi, masu yin sa sosai sai sun juya a 100,000 g, injin da ba kowace makaranta ke da shi ba. Abin da yawancinmu ke iyawa shine hanyar TMBZ da haidurojin feroksaid a bafa na asitet pH 5, a karanta wajen 650 da jadawalin saitokurom c, irin wadda masu binciken sauro ke yi. Amma ka rubuta gaskiya cewa jimillar him, wato sinadari mai ƙarfe da ke cikin P450 da wasu furotin ɗin, take aunawa, kimantawa ce ba aikin P450 kai tsaye ba. Shi kuma na jijiya hanyar Ellman ce ta 1961, asetiltiyokolin da DTNB, launi rawaya, nanomita 412.

Karanta abin da ka samu

Yi giraf, gaɓa a gefe zango a ƙasa, ka yi ANOVA, wato lissafin kwatanta rukuni-rukuni. Yawanci kitse da hanjin tsakiya da bututun Malfigi ne ake sa ran su fi aiki, amma don Allah kada ka matsa wa lambobinka su bi abin da kake tsammani. Zai iya yiwuwa ka ga estares ya hau GST ya sauka, ko na zango huɗu ya fi babba a kowane miligiram. Wannan ba kuskure bane dole, shi yasa nake so ka lissafa iri biyu, a miligiram na furotin da kuma a fara guda, domin babba ko da ƙarfin miligiram ɗinta bai kai ba tana da kitse ninki da yawa, jimillar ita ce ke haɗuwa da magani a gona.

Kuma yawan enzayim a kubet kaɗai baya tabbatar da cewa shi ya ceci farar. In kana da hali ƙara gwaji ɗaya, ɗiga magani maikurolita ɗaya a asiton akan bayan wuyan kowace fara, kashi-kashi na ƙarfi, ka ƙirga matattu bayan awa 24, ka raba da nauyin jiki. Sai ka maimaita amma awa ɗaya kafin maganin ka ɗiga PBO mai toshe P450, ko TPP mai toshe estares, ko DEM mai tauye GST, da rukunin da asiton kawai aka ɗiga wa. In toshe estares ya sa mutuwa ta ƙaru a manya fiye da ƙanana, to yanzu kana da hujjar da zaka tsaya akanta gaban kowa.

In ka koma gida

Mutanen gari zasu tambaye ka, ɗan boko me ka gano, kuma suna da haƙƙi tunda a gonarsu ka kamo. Abin da nake faɗa wa su Baffa shine a riƙa zagaya gefen gona da saura sati biyu zuwa uku bayan ruwan shuka, a samu ɗango tun yana ƙarami a tare wuri ɗaya, a yi feshi da safe ko yamma iska bata da ƙarfi, a bi awon da ke jikin kwalba. Ninka awo akan mai fiffike asarar kuɗi ce kuma ga illa ga mai feshin da zuma da tsuntsaye. Akwai magungunan da ma ɗango kawai suke kamawa irin su difulubenzuron, masu hana sabuwar fata ƙulluwa lokacin saɓa, babba kuwa ta gama saɓa har abada. Akwai kuma na naman gwari, Metarhizium acridum da ake sayarwa da sunan Green Muscle, wanda shirin LUBILOSA ya samar tare da cibiyar binciken noma ta IITA aka gwada shi a Nijar akan farar geron nan, yana ɗaukar sati ɗaya zuwa uku kafin ya kashe don haka sai an fara da wuri. In abin ya fi ƙarfin gona ɗaya a sanar da malamin gona na hukumar raya noma ta jiha, JARDA a Jigawa ko KNARDA a Kano.

Sai maganar ci, wadda ta fi damuna. Farar da aka fesa bata mutu ba tana nan tana layi a gindin gero, ita ce ta fi sauƙin kamu, yara kuma su cika leda a kai gida a soya da yaji. Enzayim ɗinta bai gama karya maganin ba, yana fatarta yana kitsenta, kuma su fenitirotiyon jijiyar mutum suke kamawa kamar yadda suke kama tata. Duk wanda ya fara dalalar da yawu da gumi da amai, ƙwayar idonsa ta ƙanƙance bayan cin fara ko feshi, a cire masa kayan a wanke jiki da sabulu a garzaya asibiti da kwalbar maganin a hannu, akwai allurar aturofin da ake yi, kada a tsaya ɗura masa madara ko manja. Matattun farar gwajinka da ragowar ruwan CDNB da Fast Blue ka miƙa wa mai kula da lab ya zubar yadda ya dace, waɗanda suka mutu a gida kuma a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya a binne, inda kaji da yara bazasu tono ba.